Moton da Ya Fi na Mushe Nazir Gudu

Zango, Damagaram

Yaya Balki,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da 'yan lakkol, ɗaliban nan naki na garin Dogo, kuna lafiya. Bayan haka, ƙanenki na cikin wuta. Munira, wadda aka kai gaisuwata gidansu, tana shirin jarrabawar bak ta gama sakandare, kuma wani malami, Mushe Nazir na unguwar Kara-Kara, ke koya mata fizik. Ba ta da zance sai "Mushe ya ce." Har turare yake sawa, Yaya! Fizik ɗin ne ke son turare? Don Allah ki rubuto min yadda ake lissafin ƙaruwar gudu, in karɓe darasin. Ni da ke sayar da moto mai ƙafa biyu, wa zai nuna min gudu?

Ƙanenki,
Suma'ila

*

Suma'ila,

Muna lafiya, ina gaida Inna. Ga shi: a = (v − v₀) / t. Gudun ƙarshe, ka cire na farko, ka raba da lokaci. Amma gudun ya zama mita a sakan. Ka karanta da kyau, na san halinka. Bawan Allah kuwa aikinsa yake yi.

Balki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma na gama da shi! Da motona na yi mata misali: daga tsaye, agogonsa ya kai 36 cikin sakan biyar. Na raba, sai ga 7,2, bakwai da ɗoriya. Moton Mushe kuwa, a nasa darasin, 2 kacal yake bayarwa. Na ce mata, "Kin ga bambancin maza." Ta yi dariya, ta kwafi hanyata, ta bar zuwa wurin Mushe. Jibi za a gwada su a aji.

Naki,
Suma'ila

*

Kai Suma'ila!

Ko gaisuwa ba zan tsaya yi ba. Agogon moto kilomita a awa yake nunawa. Wannan 36 ɗin mita goma ce a sakan. Raba da biyar: 2. Motonka da nasa duk ɗaya ne. Maza ka gaya wa 'yar mutane!

Balki

*

Yaya,

Barka da aiki. Takardarki ta iso bayan an yi gwajin. Munira ta samu uku bisa ashirin. Babanta ya ce ko ta koma wurin Mushe, ko a jingine maganarmu. Ta koma. Ni ke kai ta Kara-Kara, in zauna a bakin tabarma har su tashi. Jiya Mushe ya dube ni ya ce, "Malam, tunda kana nan, ka riƙa zuwa da littafinka mana."

Na sayi littafin. Na sayi turare kuma, wanda ya fi nasa.

A gaida yara.
Suma'ila