Yayana Zai Buga Littafi a Kan Jinyar da Bai Yi Ba

Gwaggo, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai raba ni da ɗan'uwana.

Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya. Baba ya rasu shekara shida da suka wuce, Mama kuma wata bakwai ke nan. Kafin ta cika ta yi shekara uku a kwance, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ni na ɗauko ta zuwa gidana, na kwashe kayan yara daga ƙaramin ɗaki na sa mata gado. Ni ce wanka, ni ce juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ni ce ba ta abinci da ƙaramin cokali tana tofo mini. Da safe in tafi shagon da nake aikin buga takardu da kwamfuta, da rana in dawo a guje in canja mata shimfiɗa in koma. Yaya yana wani gari yana aikin ofis. A shekara ukun nan sau huɗu ya zo. In ya zo sai ya tsaya bakin ƙofa da hankici a hanci, wai mura yake yi.

Tun da aka yi rasuwa kuma sai Yaya ya zama marubuci. Kullum da abin da zai sa a waya: ranar da Mama ta riƙe hannunsa, ranar da ya yi mata fifita har ta yi barci. Jama'a na ta zuba masa addu'a, wata har da roƙon Allah ya ba ta ɗa irinsa. Wani gidan rediyo ya kira shi ya koyar da yadda ake jure maraici, mutumin da bai san ta wane gefen baki Mama ke iya haɗiyar ruwa ba. Ya ce maganarta ta ƙarshe albarka ta sa masa. Gwaggo, ni nake wurin, shi ba ya nan. Cewa ta yi in rufe taga. Baba ma bai tsira ba. Mai gyaran agogo ne, sai ya wuni bai yi magana goma ba, amma a rubutun Yaya ya koma mai zuba karin magana kamar ruwan sama.

Duk na haɗiye. Sai makon jiya ya turo mini shafi arba'in, wai littafi zai yi, in buga masa tunda sana'ata ce, in kuma cike inda ya bari don ya manta sunayen magungunan. Wai ya manta. A bangon littafin kuma hoton da ya ɗauki Mama a asibiti zai sa, roba a hanci, baki a karkace. Matar da ko maƙwabciya ba ta yarda ta shigo sai na gyara mata fuska. Ni kuwa sau ɗaya na fito, a shafi na talatin da ɗaya: "ƙanwata ma ta yi ƙoƙari."

Na rubuta doguwar amsa, na jera ranakun zuwansa huɗun nan, ina so in liƙa a ƙarƙashin rubutunsa kowa ya gani. Mijina ya ce in bari. Ni kuma ko kukan kirki ban samu na yi ba, da na tuna Mama sai fuskar Yaya ta shigo. Yaya zan yi?

Autar Mama

Amsa

'Yata, Allah ya jiƙan iyayenki, ya saka miki da alheri.

Ba zan wanke yayanki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wannan shi ne labarinku, kuma gardin ya ƙara da neman kura ta rubuta masa kirari. Masu tafa masa ma ba su fi shi ba. Yanzu za su zubar masa da hawaye, kafin su aje waya sun koma dariyar wani abu dabam. Don irin waɗannan za ki tallata sirrin gidanku? In kin liƙa amsar nan kallo za ki ba su, su zauna suna yanke hukunci a kan gadon mahaifiyarki, mutanen da ko sunanta ba su sani ba.

Sai dai ki san wani abu. Mutum ba ya ƙago ranakun da ya riƙe hannun uwarsa sai in rashinsu na cin sa. Ba sai kin ƙirga masa zuwansa ba, ya fi ki sanin adadin. Wannan bai halatta masa ƙarya ba, amma ya isa ki gane matsoraci ne kawai, bai kai abin da za ki ƙona kanki a kansa ba.

Kada ki buga masa ko layi ɗaya. Ki kira shi ku yi magana baki da baki, tunda a rubuce ya fi ki zaƙin harshe. Ki ce masa hoton nan ba zai fita ba, kuma a nan babu sasantawa. In ya taurare, ki kai maganar ga babban da ya rage muku a dangi. Sannan ki gaya masa in har yana son rubutu, ya rubuta labarin ɗan da bai zo ba. Irinsa suna da yawa, littafin zai yi musu amfani.

Ke kuma kin daɗe kina buga maganganun mutane, ki sami littafi ki rubuta naki. Ki sa har da ranakun da gajiya ta sa kika daka wa mahaifiyarki tsawa kika fita kina jin haushin kanki. Ba ki ambace su ba, amma duk wadda ta yi jinyar shekara uku tana da su. Su ne yayanki ba zai taɓa iya sata ba, kuma a wurinsu kukanki yake jiran ki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki masu yi miki yadda kika yi mata.