Tayin Mai Gidan Haya

Litinin, 3 ga Maris
Mai gidan da muke haya zai sayar. Wai don mun shekara goma sha ɗaya a ciki, mu ya fara yi wa tayi, ya ba mu sati uku. Da ya faɗi kuɗin sai da na yi dariya. Ɗaki uku da famfon da sai ya yi tari kafin ya kawo ruwa. Na ce masa farashin gidaje kumburi ne kawai, zai sace. Ya ce haka na faɗa masa shekara shida da suka wuce.

Laraba, 5 ga Maris
Uwar yara ta laƙaba mini Malam Zai-faɗi, wai kullum ina cewa farashi zai faɗi. Na zaunar da ita na yi mata bayani: yanzu ba don kwana ake sayen gida ba, don a sayar wa na gaba ne, ranar da na gaban ya ƙare kowa zai ji a jikinsa. Kuɗin sallamata daga aiki rabi na cikin zinare, rabi hannun jari, hankalina kwance. Ta bari na gama tsaf, sannan ta tambaya a cikin wanne za mu shimfiɗa wa Inna katifa.

Ta san inda za ta taɓa ni. Tun da idon Inna ya tafi, da tafin hannu ta haddace gidan nan. Uwata ce, ba sai an tuna mini ba.

Asabar, 8 ga Maris
Hannun jari sun sauka, zinare ya ɗan hau, gidaje ko gezau. Haushi kamar ya kashe ni.

Talata, 11 ga Maris
Dillali ya kawo mai saye. Ko sama bai kalla ba, bango kawai ya sa aka auna. Da bakinsa ya ce kulle gidan zai yi shekara biyu ya sayar. Ga hujjata tsaye da takalmi a tsakiyar falona! Na juya in ga ko uwar yara ta ji, na tarar tana mayar da kujerar da suka ja, kada Inna ta yi karo da ita.

Ina da gaskiya, kuma gaskiyar ba ta tsinana mini komai ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Mun je duba wani gidan haya, da arha, har da baranda. Na tafi da Inna don in rufe bakin uwar yara. Na sake ta a falo ina duba tagogi. Da na waiwayo tana nan inda na bar ta, hannu biyu a miƙe, tana laluben bangon da babu shi a wurin.

A mota ta ce, "Kada ka damu, ɗan nan, zan koya. Ku dai riƙa bar mini ƙofofi a buɗe."

Don kunya na kafa ido a kan titi har muka iso gida.

Alhamis, 20 ga Maris
Na kai zinaren an auna, don in san nauyinsa ne kawai. Na kuma kira mai kula da hannun jarina, shi ma tambaya ce. Ra'ayina na nan: farashin nan zai faɗi, wanda ya saya yanzu ya yi wauta, na rubuta na sa hannu.

Na dai ce wa mai gidan ya dakatar da dillalinsa zuwa Litinin.

Ɗazu na ji Inna na tambayar uwar yara ko a fara ɗaure kaya. Na ɗaga murya daga ɗaki na ce kowa ya bar kayan nan inda suke.