Ƙahon Bajimin Ardo

Kankia, daren Laraba, daminar 1956

Alhamdu lillahi! Barci ya ƙi zuwa, sai dariya nake ni kaɗai.

Ashe wauta na tafka ban sani ba. Ranar da bajimin Ardo Buba ya tunkuyi tsohuwar a-kori-kurata a hanyar Kusada, nan take ni da Ardo muka yafi juna, aka ce Allah ya kiyaye gaba. Washegari na kai ta wajen maƙeri ya buge lotsawar tas, don kada a ga motata da karkataccen baki ranar kasuwa.

Yau akawun inshora ya iso daga Kano. Ya zagaya motar, ya ce, "Alhaji, ina ɓarnar? Abin da ban gani ba, ba a biyansa." Maƙeri har da ɗaga guduma: "In lotsawa yake so, yanzu sai in mayar mashi da ita!" Na ce ya rufa mani asiri.

Sai na aika wa Ardo. Da la'asar ga shi da bajimin, ƙahon hagu a guntule, koren fentin motata shar a jikinsa. Maƙeri ya ɗauko guntun ƙahon da ya zaro daga lagireton motar, aka haɗa, ya zauna daram. Akawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce za a biya sabon lagireto da fitila.

Gobe da sassafe zan kai wa bajimin nan dusa da kanwa. Shi ya fasa motar, shi kuma ya tsaya mani shaida.