Na Ɓoye Rabin Ajina Ranar da Mai Duba Makarantu Ya Zo

Zuwa ga Mai Ba da Shawara,

Don Allah ka taimake ni, na haƙa rami da hannuna na faɗa, kuma ba wanda zan iya gaya wa a garin nan.

Ni malamin elementare ne a wani ƙauye da ke bakin kogi, tafiyar yini daga Gashua. Ɗaki ɗaya gare mu na jinka, yara talatin da ɗaya, alluna tara. Sauran a kan rairayi suke koyon rubutu da yatsa. Yaran nan iri huɗu ne: Badawa, Fulani, Mangawa da 'ya'yan Hausawa 'yan koli. Littattafanmu na Hausa ne, alhali rabin ajin ranar da aka kawo su ko zo in kashe ka ba su sani ba. In na yi tambaya su dube ni, in dube su.

Abin da ke ƙona mini rai, duk shekara in kayan karatu suka sauka daga jirgin ƙasa, makarantun da yaransu ke cin jarrabawar shiga makarantar Midil ake fara ba. Ina da aboki, Malam Kalli, yana koyarwa a Nguru. Ajinsa 'ya'yan masu awon gyaɗa ne da na ma'aikatan jirgi, sun tashi da Hausa a baki har da ɗan Turanci. Me zai hana su ci? A ƙara wa mai ƙoshi, mu a ce mana raggaye. Malam Kalli ne ya ba ni shawara, wai ranar da mai duba makarantu zai zo in tsame waɗanda za su kunyata ni, ya ga masu kai kawai, sai a tuna da mu wajen rabo.

Na bi. Da safe na ware yara goma sha bakwai, duk Badawa da Fulani, na tura su fadama yankan ciyawar jinka. Sauran sha huɗun suka yi ta zuba karatu kamar ruwa. Ashe bana yawan yara ya zo ƙirgawa. Da ya tambayi ina sauran, bakina ya riga hankalina, na ce Fulani sun bi shanu, Badawa sun tafi kamun kifi, haka suke yi kullum. Ya rubuta. Yanzu takarda ta zo, wai mutanen wurin nan ba sa son karatu, in ya dawo kafin faɗuwar damina bai tarar da yara ashirin da biyar ba, za a rufe makarantar.

Magana ba ta ɓuya. Ardo Hamajoɗa, wanda ya ƙi tashi da shanunsa bana don ɗansa Bobboi ya yi karatu, ya zo har ƙofar aji. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce in yankan ciyawa malam ke koyarwa, su ma sun iya a gida, ya kama hannun ɗansa suka tafi. Bobboi ɗin nan ya fi kowa lissafi da ka, Hausar ce kawai ke ɗaure masa harshe. Badawa ma suka janye nasu. Shekara uku na yi ina bi gida gida kafin a ba ni yaran nan.

Na san laifina ne, amma wa ya tura ni? In sa bulama, wato mai garinmu, ya tilasta musu, ko in nemi canji in bar musu garinsu? Wallahi na gaji.

Naka,
Malamin Bakin Kogi

Malam,

Kukanka a kan rabon kaya gaskiya ne. Auna yaron da bai ji Hausa ba da ɗan mai awon gyaɗa ba adalci ba ne, kuma allo tara bai ishi aji ba. Amma mai duba makarantu yana zuwa ne don ya ga wahalarka, kai kuma ita ka ɓoye masa. Garin neman ƙiba ka samo rama.

Bar zancen bulama. Yaron da aka jawo da ƙarfi, ranar farko da ka juya baya zai tsere. Canji kuma gudu ne. Ka je rugar Ardo da ƙafarka, da rana, gaban mutanensa, ka ce ka yi kuskure, kada ka ambaci Malam Kalli ko alluna. Ka yi haka a unguwar Badawa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In yaran sun dawo, ka zaunar da kowane mai jin Hausa kusa da wanda bai ji ba, ka bar su su yi wa juna bayani da harshensu.

Sai babbar magana, wadda ba ka tambaye ni ba. Ka rubuta wa mai duba makarantu cewa yaran na nan ranar, kai ka tura su fadama, da dalilin da ya sa. Mai yiwuwa a tsawata maka, mai yiwuwa ma duk da haka a rufe makarantar, ba zan ruɗe ka ba. Amma a yanzu akwai takarda a ofis da ta ce mutanen nan ba sa son karatu, kuma duk wanda ya zo rabon makarantu nan gaba ita zai karanta. Bakinka ya sa aka rubuta ta, ba kuma mai iya ƙaryata ta sai kai.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa su yafe maka.