Yadda Kaduna Ta Shigo Falona

Litinin, 4 ga Nuwamba, 1991
Kwana tara da yi wa Baba aikin idon dama a nan ƙasar Turawa. Na hagu sai Janairu, amma yau ya ce in yi masa booking ɗin jirgi, gida zai koma. Wai garin da mutum ba zai ji labarai da Hausa ba kurkuku ne. Likita ta ce in ya tafi, idon ma ya tafi ke nan. Bai taɓa tuwonsa ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Amfilifaya da lasifika suna nan a falo. Tuner ce babu, akwatin kamo tasha, tsohon mijina Uwaisu ya tafi da ita da muka rabu. Na rufe rumfar atamfa da wuri na shiga birni. Na yi ciniki har Baturen kantin ya share gumi. Na ɗauko baƙa wul, lambobinta kore suna walƙiya. Na haɗa: tasha ashirin, duk Turanci.
Baba ya ce, "Shafa'atu, Kaduna fa?"
Ashe ba ta kama gajeren zango. Ni da nake gane atamfar jabu da ɗan yatsa.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Awabu, maƙwabciyar rumfata, ta tura ni wurin Zuberu, mutumin Kumasi mai gyaran rediyo a nan Tottenham. Shago kamar akurki. Ya ɗaga tawa ya auna a hannu, ya ce da Hausarsu ta zango, "Hajiya, kai ka sayi na ido. Tsoho na kunne yake so."
Na so in ji haushi, ban samu fili ba. Ya jera tsofaffin tuner uku, ya ce in juya baya. Bai nemi tasha mai ƙarfi ba, ya kai allura inda tashoshi biyu ke hawa kan juna. Biyu suka cakuɗa su. Ta uku ta ware ɗaya tsaf, kamar an tsince tsakuwa a shinkafa. Na waiwayo, ita ce mafi muni, ga nauyi kamar dutsen niƙa.
Shekara sha biyar ina kasuwa, ban taɓa ganin mai sayarwa ya ɓoye wa mai saye fuskar kaya ba. Ban nemi ragi ba. Kada Awabu ta ji.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Zuberu ya zo da kansa, ya ja doguwar waya daga taga zuwa shingen baya. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce a jira magariba, Kaduna ba ta isowa da rana. Bayan sallah ya riƙa juya allura a hankali, kai a sunkuye. Shuu. Faransanci. Shuu. Sai kalangu can nesa, yana zuwa yana komawa.
Baba ya tashi zaune, ya ce, "Tsaya nan, ɗana."
Malmala biyu Baba ya ci.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Babu zancen tikiti. Musu Baba yake da mai karanta labarai.

Asabar, 23 ga Nuwamba
Rediyo lafiya lau. Duk da haka na biya shagon Zuberu, na ce tana ɗan shuu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce gobe zai zo ya duba. Bai tambaye ni a wace tasha ba.
Na sa Awabu ta koya mini wake da shinkafa irin na Gana. Don Baba ne, ya gaji da tuwo.