Na Ga Saƙon, Istifanus

Zuwa ga abokina kuma ɗan'uwana Malam Istifanus, wanda ya riga ni zuwa hutawa.

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, gaisuwar da ta makara wata bakwai. A nan ne ya kamata in tambayi lafiyarka da ta iyali, amma yanzu ka fi ni lafiya, iyalinka kuwa ni ne zan ba ka labarinsu. Suna nan ƙalau. Matarka Saratu ta ɗan rame, 'yarka Rifkatu ta koma bakin aikinta, cittar da ka shuka a gonarka ta Kwoi kuma an tone ta, ta yi kyau.

Na rubuta wannan wasiƙa a fili, inda masu bibiyata za su karanta, domin a fili na yi ƙaryar da nake so in warware. Na gaya wa duniya cewa labarin rasuwarka bai iske ni a kan lokaci ba. Ya iske ni.

Bari in fara da abin da za ka fara tambaya da kana nan. Albam ɗin ya fita. Ka san shekarun da na yi ina cika baki cewa zan yi nawa ni kaɗai, sunana kaɗai a jiki, kai kuma kana dariya kana cewa sai dai jikokina su ƙarasa mini. To, ya fita, ya kuma karɓu fiye da yadda na taɓa zato. 'Yan acaba a Kafanchan suna yawo da shi, masu shagon caji sun hana maƙwabta sakat, ba bikin da za a tashi ba a sa shi ba. Waɗanda ba a ko haife su ba lokacin da muke kiɗa a kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, su ne yanzu ke rawarsa a waya. Har gashina na sake rinawa saboda masu hoto. Yi dariyarka, na san ba za ka fasa ba.

Masu karatu da yawa ba su san ka ba, don haka ka yi haƙuri in faɗi abin da ka riga ka sani. Shekara ashirin da biyu kana tsaye a bayana da jitarka, ni ina gaba ina shan tafi. In na ɓata, kai ne kake dawo da ni kan hanya da ƙafa ɗaya da kake bugawa a ƙasa, ba wanda ya taɓa ganewa. Da kiɗa ya daina ciyar da mu sai ka koma koyarwa a firamare, daga baya ka koma noman citta. Ni na ƙi bari, saboda taurin kai da son a san ni. Ba mu taɓa ɓatawa a kan haka ba. Duk waƙar da na haɗa bayan rabuwarmu sai na hau mota na kai maka Kwoi ka ji, ka yamutsa fuska, ka ce baiti na biyu ya yi tsawo.

Ka tuna jana'izar Yohanna, mai buga mana ganguna, a Godogodo? Mun je da jita a cikin jaka, dattawan coci suka ce masu kiɗan otal ba za su buɗe baki a bakin kabari ba. Muka tsaya can baya ƙarƙashin mangwaro kamar waɗanda suka zo sata, har aka gama rufe shi. A hanyar dawowa kana tuƙa mashin, ina bayanka, ba ka ko waiwayo ba ka ce, "Danjuma, wanda ya riga tafiya a cikinmu, ɗayan zai tsaya a bakin rami ya yi masa waƙar jirgi. Ba makirfo, ba neman izinin kowa." Na ce na yarda. Waƙar jirgi ita ce ta farko da muka haɗa, muna zaune a bencin tasha, a kan matar da kullum take zuwa tarar mijinta, jirgin kuma kullum yana makara.

Akwai wata maganar taka da na ji ta fi a ƙirga. Tun da mahaifinka ya yi wata biyu a mutuware, dangi suna gardama a kan saniya da rumfa da kalar anko, ka tsani abin. Ka ga fuskarsa ranar da aka fito da shi, ba ka gane shi ba. Daga nan duk inda aka yi zancen mutuwa sai ka ce, "Ni ba kifi ba ne. Ranar da na mutu kar wani ya sa ni a firij. Ku tona rami da safe, ku rufe ni, kowa ya koma gona." Mu kuma mu kwashe da dariya, ni na fi kowa. Wa ke binne dattijo washegari a ƙasarmu? Sai an kira 'ya'ya daga birane, an yi taron dangi, an buga takardar tsarin sujada mai hoto, mata sun ɗinka ankonsu. Mako uku ma an yi gaggawa.

Ranar Talata ce, cikin damina, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Ina situdiyo a Abuja, saura waƙa huɗu mu gama. Ka san yadda muryata ta yi shekaru tana yi mini gardama, yau ta buɗe gobe ta dushe. A wannan makon ta buɗe kamar ina ɗan shekara talatin. Furodusa yana ta cewa kada mu kuskura mu tsaya, irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Na fito shan ruwa, na duba waya, sai ga saƙon Rifkatu: "Baba, Dadi ya tafi da safen nan. Mama ta ce in gaya maka kafin kowa."

Na karanta shi sau uku. Na zauna a kan matakala na yi kuka, wannan kam gaskiya ne, Allah shaida. Amma kafin hawayen su bushe har kaina ya fara tsara mini uzuri. Za su kai ka mutuware a Kafanchan. Ɗanka yana Fatakwal, ɗaya daga cikin ƙannenka yana Legas. Ba za a sa rana ba sai ƙarshen wata. In na kira yanzu, Saratu za ta yi kuka, ni ma in yi, maƙogwaro ya rufe, mako ya lalace. In na daure zuwa Jumma'a, na gama, sai in zo da zuciya ɗaya in zauna da su har ranar jana'iza. Maganar firij ta faɗo mini a rai, ba zan ce ba ta faɗo ba. Na ce ai wasa kake yi, ko da gaske kake ma dangi ba za su bari ba.

Sai na kashe wayar da hannuna, na sa ta a aljihun jaka, na koma ciki.

Ban san ka rubuta abin a takarda ka ba Fasto tun bara ba. Ban san Saratu za ta tsaya a gaban ƙannenka ta ce sai an yi yadda ka ce ba. Saƙo na biyu ya shigo da yamma, wayar tana kashe: gobe ƙarfe goma za a binne ka, a gida. Daga ƙofar situdiyon nan zuwa ƙofar gidanka, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba ce. Da na kira sau ɗaya, da na kwana a Kwoi.

Ranar Laraba da safe waƙar jirgi muka ɗauka. Ni na zaɓe ta, wai don in yi maka ita da dukan zuciyata. Na yi ta sau bakwai a ɗaki mai sanyi, da abin ji a kunne, furodusa yana ɗaga mini babban yatsa ta bayan gilashi. Ita ce yanzu ta fi kowace tashe. Mutane suna rubuto mini cewa suna jin hawaye a muryata, suna tambaya ina na samo irin wannan. Ba na amsawa.

Jumma'a na kunna waya, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ƙanƙara a kan kwano. Nan na gane an binne ka tun Laraba. Na kira Rifkatu, kafin ta gama gaisuwa bakina ya riga ni: wai wayata a kashe take tun Litinin, wai dokar situdiyo ce, wai yanzun nan nake ganin komai. Ta ce, "Ayya Baba, mun san da wani abu." Ƙaryar ta zauna daram, har na ji haushin yadda ta zo mini da sauƙi. Na maimaita ta a gaban Fasto da na je gaisuwa. Na maimaita ta a gidan rediyo, mai hira yana girgiza kai don tausayina. Da yawan faɗa har na kusa yarda da ita.

Waccan gaisuwar ta farko a cikin taro na yi ta, na zauna minti kaɗan na gudu. Sai makon jiya na iya komawa ni kaɗai, da faifai ɗaya a hannu wai zan ba Saratu. Na same ta a tsakar gida tana juya cittar da aka shanya. Ta tashi da murna, ta kawo kujerarka ta ce in zauna, ta shiga ta ɗora tukunya duk da na ce na ƙoshi. Tana tuƙa tuwo tana ba ni labarin ranar, abin da ba wanda ya taɓa gaya mini.

Ta ce an gama wa'azi, an sauke akwati a bakin rami, sai ta ce a dakata. Ka gaya mata alkawarinmu, ashe, ka ce kada a zuba ƙasa sai na yi waƙa. "Baba Danjuma, mun jira ka fa," in ji ta. "Hadari ya haɗu, masu tona suna ta cewa ruwa zai cika rami. Fasto ya duba agogo, ya duba ni. Na ce a ƙara kaɗan, mota ne ya lalace masa a hanya. Duk mashin da ya wuce sai mu juya." Sun tsaya har kusan ƙarfe ɗaya, Istifanus, tsofaffi da masu goyo, kai kana kwance a gefe. Sai da yayyafi ya fara sannan ta ɗaga hannu aka sa ka.

 Na ce a raina yanzu zan faɗa mata gaskiya. Amma ba ta gama ba.

Ta ce bayan an watse ƙanenka da ke nan Kwoi ya tsaya a tsakar gidan nan yana zagina, wai suna ya hau mini kai, wai na ji na ƙi zuwa. Ita kuma, matar da ko kaza ba ta iya yi wa tsawa, ta tashi cikin kayan makoki ta nuna masa ƙofa. "Na ce masa, kai ba ka san mutumin nan ba. Da ya ji, ko da ƙafa ne zai zo. Har yau ba ya shiga gidan nan, ni ma ban neme shi ba. Kuma da ka faɗa a rediyo, na aika a gaya masa, ka ji ko?" Ta yi murmushi kamar wadda ta ci shari'a, ta tura mini kwano.

Na ci tuwon. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, na wanke hannu na ci, na ce miya ta yi daɗi, na ba ta faifan, ta rungume shi a ƙirji ta sa mini albarka. Na je bakin kabarinka na tsaya, na so in yi maka waƙar jirgi, na kasa. Na hau mota na dawo Kafanchan ina jin ƙyamar kaina.

Abokina, na yi kewarka. Ba wanda yake gaya mini baiti ya yi tsawo yanzu, kowa sai yabo, yabon kuma ba ya shiga. Na so in zama babban mawaƙi tun muna samari, kai ma ka so mini haka, ka fi kowa so mini. Ban taɓa tunanin ranar da abin zai zo zan saye shi da tsayuwar matarka a bakin raminka ba. Ba furodusa ba ne, ba al'adar mutuware ba ce, ba waya ba ce. Na san ka shekara arba'in da wani abu, na san ba ka faɗin abin da ba ka nufi. Na zaɓi in ɗauke shi wasa ne domin wasan ya fi mini amfani a wannan makon.

Ba zan bari Saratu ta ji wannan a bakin maƙwabta ba. Gobe da sassafe zan shiga motar farko zuwa Kwoi, in durƙusa a gabanta in faɗa mata da bakina, sannan in wuce gidan ƙanenka in gaya masa shi ne mai gaskiya. Sai na fito daga gidajen nan biyu za a saki wasiƙar nan. Idan kuna karanta ta, to na riga na faɗa.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurin da ba a jiran kowa. Ya ta'azantar da Saratu, ya riƙe 'ya'yanka, ya shirya tsakaninta da ƙanenka, tunda ni na raba su. Ni kuma ya ba ni ƙarfin buɗe baki gobe, kada in sake karɓar kwano kafin in yi magana. Ba na roƙon ta yafe mini, wannan nata ne, ta bayar ko ta hana. Abin da nake roƙo kawai, ta daina kare ni. Amin.

Ni ne naka, wanda bai zo ba,
Danjuma