Ƙishirwar da Na Ɗora wa Mota

Litinin, 3 ga Maris

Yau motata ta kunyata ni a hawan asibiti, Inna tana kujerar baya da bargo a cinyarta. Na taka totur har ƙasa, amma sai gurnani, ƙarfi babu. Giya ta biyu ta gaza, ta ɗaya da ƙyar. Mun makara da minti arba'in, injin wankin ƙoda kuwa ba ya sauraren uzuri. An ba wani gadonta, muka zauna a benci har yamma. Inna ta ja bargonta ta rufe ƙafafu. Da faɗa ta yi mini, da ya fi sauƙi.

Talata, 4 ga Maris

Ƙanena ya zo da safe, ko zama bai yi ba. "Yaya, ka bar Inna ta dawo gidana. Motata lafiyayya ce, asibitin kuma yana bayan layinmu." Na roƙi mako guda. Ya ce, "Mako guda, Yaya. Ƙoda ba ta san baiti ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

Shekara tara ke nan Inna tana ɗakin da tagarsa ke kallon bishiyar lemo. Ita ke fara jin duk waƙar da na rubuta, ita kaɗai ke iya ce mini "wannan baitin gurgu ne" in yi dariya. In ta tashi daga gidan nan...

Laraba, 5 ga Maris

Na kai motar garejin bakin titi, wurin makaniken da ake yi wa laƙabi da Sauri. Ya ce, "Malam, me ke damunta?" Ni kuwa da halina na ce, "Ƙishirwa take ji. Tana hawa tudu kamar matafiyin da ya wuni bai ga rijiya ba." Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Ai sai a shayar da ita!" Ya murɗa wani ɗan sukuru a jikin kafireto, inda mai ke gauraya da iska, domin man ya ƙaru. Minti biyar ya gama. Na dawo gida da baiti a baki:

Na shayar da ke, abokiyar tafiya,
Gobe ki hau tudu, kada ki ba ni kunya.

Alhamis, 6 ga Maris

Motar ta mutu sau biyu tun kafin hawan. Ƙanena ne ya zo ya ɗauki Inna a gefen hanya. Ba ni da abin rubutawa.

Asabar, 8 ga Maris

Alhamdulillahi. Bari in rubuta wannan daki-daki, domin kada in manta.

Maƙwabcina direban babbar mota ya raka ni wurin wani dattijon makanike da suke kira Shiru-Shiru. Na soma bayani da ƙishirwa da matafiyi, sai ya ɗaga hannu. "Malam, hayaƙinta wane launi?" Shekara bakwai ina tuƙa ta, ban taɓa tsayawa a bayanta tana aiki ba.

Ya tsayar da ni kusa da salansa, wato bututun hayaƙi, ya taka totur. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, warin ɗanyen fetur ya sa idona hawaye. Ya kwance fulogi huɗu, masu ba injin wuta, ya jera mini a tafin hannu, kowanne baƙi ƙirin kamar an tsoma shi a tawada. "Wannan ce mai ƙishirwa? Shaƙewa take yi. Mai ya yi mata yawa, iska ba ta isarta."

Da ya buɗe gidan matatar iska, sai ga ta a toshe, datti ya danƙare ta kamar tabarmar da aka manta a sito. "Yaushe rabonka da canza ta?" Na ce ban san ana canzawa ba. "Wa kuma ya buɗe mata mai haka?" Na faɗa masa, har da abin da na gaya wa Sauri. Nan ne na ga haƙoransa. "To ai bai yi laifi ba, Malam. Abin da ka yi oda ya ba ka."

Ya sa sabuwar matata, ya goge fulogi uku da burushin waya, ya canza na huɗun. Sannan ya kara kunne kusa da injin, yana mayar da sukurun nan kaɗan-kaɗan, har rawar da motar ke yi ta lafa, muryarta ta daidaita, hayaƙin ya ɓace. Muka tafi gwaji. Ta haye tudun asibiti a giya ta uku, ba haki, ba gardama. A saman hawan na tsaya na sauke numfashin da na riƙe tun Litinin. Shiru-Shiru ya ce, "Kai ma a duba maka matatar?"

Lahadi, 9 ga Maris

Na ba Inna labari. Ta yi dariya har da tari. "Kai dama tun kana ƙarami, in cikinka na ciwo sai ka ce zuciyarka ce."

Litinin, 10 ga Maris

Mun iso da sauran minti goma sha biyar. Ƙanena yana tsaye a ƙofar asibiti, makulli a hannu, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya zagaya motar, ya leƙa salansa. "Yaya, ita ce kuwa, ko aro ka yi?" Bai sake ta da maganar tashin Inna ba, ni ma ban tayar ba. Amma na ga yadda ya riƙe hannunta har bakin gado, da yadda ta ƙi sakin nasa da wuri.

Alhamis, 13 ga Maris

Inna tana ɗakinta, kuma a nan za ta zauna.

Yau a asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni yadda ta kwana. Na buɗe baki da "kamar", sai na haɗiye. Na ce barcin awa biyar ta yi, ƙafar hagu ta ɗan kumbura. Ta rubuta, ta je ta kira likita. Ya ce gara da aka faɗa da wuri.

Da muka dawo na kira ƙanena, na ce daga mako mai zuwa shi zai riƙa kai ta ranar Alhamis. Ya ce, "Motar ce kuma?"

Na ce motar lafiyarta lau.